Gizagon da ba ya sara: kyautar kayan aiki tsakanin masu sha'awa da masu gado

A Amurka da Ingila da wasu sassan Turai akwai wata al'ada da ta yaɗu tsakanin mutanen da ke aikin katako don sha'awa. Yawancinsu ba kafintoci ba ne masu cin abinci da sana'ar. Likitoci ne da malaman makaranta da ma'aikatan ofis da tsofaffin da suka ajiye aiki, waɗanda ke shiga ɗan ɗakin aikinsu na bayan gida a ranakun hutu. Idan watan Disamba ya gabato, bikin Kirsimeti ya matso, sai su yi ƙuri'a a tsakaninsu, kowa ya ciri sunan wani, sau da yawa wanda bai taɓa gani ido da ido ba. Daga nan sai ya duƙufa makonni yana yi masa wani kayan aiki da hannunsa: ko gudumar itace, ko wuƙar zana layi a kan katako, ko ma'aunin kusurwa, ko abin goge fuskar katako. In ya gama ya naɗe, ya kai gidan waya. Wanda aka aika wa ba ya sanin mai kyautar sai ya kwance ƙunshin. Abin da suka fi girmamawa a wannan musaya shi ne kayan ya fito daga hannun mai bayarwa, kuma in an sa shi aiki ya yi.

Mai karatu da ke Birnin Ƙonni ko Malbaza ko Illela, in ya ji wannan labari, da wuya ya rasa murmushi. A ƙasar Ƙonni da Adar ba a san mutum ya ɗauki gizago don ya huta ba. Wanda aka gani a gindin itace yana sassaƙa turmi, to abincin gidansa yake nema, kuma galibi ubansa ma haka ya yi. Shi ya sa amsa ta farko da ke zuwa baki ita ce: ƙoshi ne, kuɗin da Bature ya biya gidan waya kaɗai ya isa cefanen masassaƙi na kwanaki. Amsa ta biyu, wadda ta fi saurin kama masu shirya bukukuwan al'ada, ita ce a kwaikwaya, a sa rana, a yi musayar kyaututtuka kamar yadda aka ji ana yi a waje. Duk amsoshin biyu sun yi gaggawa. Wannan al'ada ta Turawa tana da amfani ɗaya ga Bahaushe, wato ta sa shi ya waiwayi wata tsohuwar musaya da ke gidansa, ya kuma ga irin jabun da aka maye gurbinta da shi.

A fara da gizagon kansa. Babu mutum ɗaya da ke iya yin sa shi kaɗai. Bakinsa ƙarfe ne, aikin maƙeri. Ƙotarsa itace ce, aikin masassaƙi. Haka gatari, haka fartanya da hauya da sungumi da lauje. Maƙeri ba ya kai ruwan fartanya gona sai an sa masa ƙota, masassaƙi kuwa ba ya huda ƙota sai da mahurin da maƙeri ya ƙera masa, ba ya gyara cikin akushi sai da makankari daga maƙera. Har gawayin da ake zuga wutar maƙera da shi daga daji ɗaya yake fitowa da icen turmi, domin ƙirya ce aka fi so a duka biyun, saboda taurinta da daɗewar wutarta. Kowane kayan aiki da ke rataye a kafaɗar manomi shaida ce ta wata yarjejeniya tsakanin gidaje biyu, wadda ba a rubuta ba, ba a kuma ƙulla ta a kasuwa ba.

Masaniyar nan ta Faransa, Nicole Echard, ta daɗe tana bincike a cikin Adar. A 1965 ta wallafa maƙala a kan maƙeran yankin, kuma a ƙarshen shekarun 1960 ta ɗauki fim mai suna Noces de feu a kan yadda suke narkar da tama su fitar da ƙarfe. Sunan fim ɗin, wato auren wuta, yana nuna yadda su maƙeran suka ɗauki aikin: tamkar aure ne da haihuwa, da ƙa'idojinsa da abubuwan da aka hana. Ƙarfen da aka samu da irin wannan wahala ba a ɗauke shi kamar gishiri ko kanwa da za a auna a tafi ba. A ƙauyuka da dama na ƙasar Hausa, manomi yakan karɓi kayan noma da gyaransu daga maƙerin gidansu tun daga bazara har ƙarshen damina, sai kaka ta yi ya kai masa damin hatsi. In shekara ta yi kyau damin ya yi nauyi, in fari ya yi maƙeri ya yi haƙuri. Ciniki ne wannan ko kyauta? Duk wanda ya nace sai ya zaɓi ɗaya, bai fahimci abin ba.

Marcel Mauss, a littafinsa Essai sur le don na 1925, ya nuna cewa kyauta a cikin al'ummomi da yawa tana tafe da wajibai uku: a bayar, a karɓa, a rama. Bahaushe bai jira Mauss ba kafin ya san haka, tun da shi ya ce yaba kyauta tukuici. Guy Nicolas, wanda ya yi bincikensa a ƙasar Maraɗi, ya fitar da littafi a 1986 mai suna Don rituel et échange marchand dans une société sahélienne, inda ya bi diddigin yadda kyautar al'ada da cinikin kasuwa ke tafiya kafaɗa da kafaɗa a rayuwar Hausawa, kowanne na ciyar da ɗan'uwansa. Biki tsakanin mata, inda wadda aka kai wa gudummawa take mayarwa da ƙari in lokacin ƙawarta ya zo, misali ne da kowa ya sani. Akwai goron salla da barka da salla. Akwai kuɗin shara da taubasai ke bin juna a watan Muharram, wanda reshe ne na wasan barkwancin dangi da UNESCO ta sa cikin jerin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Ke nan ƙasar ba ta rasa ranakun kyauta ba, ba ta kuma rasa ƙa'idojinta ba.

To ina kayan aiki suke shiga? Suna shiga ta ƙofofin da ba a cika lura da su ba, domin babu ganga babu maroƙi. Uba masassaƙi yakan sa a ƙera wa ɗansa ƙaramin gizago daidai hannunsa ranar da ya ga ya isa bin sa daji. Mai gida a maƙera yakan miƙa wa yaronsa masaba da awartaki in ya yarda ya isa ya hura tasa wutar. Yaro mai shiga makarantar allo ana sassaƙa masa allo, kuma na aduwa aka fi so. Amarya tana tarewa da turmi da taɓarya da muciya da maburgi, waɗanda su ma kayan aiki ne, ko da yake masu lissafin sana'a sukan manta da su don na mata ne. Sannan ga Babbar Salla. Kwanakin da ke gaban layya su ne kakar maƙera ta biyu: a kasuwar Ƙonni da ta Badagishiri da sauran kasuwannin yankin za a ga wuƙaƙe da ƙananan gatura na sara ƙashi a shimfiɗe, masu wasa wuƙa ba sa samun sararin ɗaga kai. A irin wannan lokaci maƙeri yakan ware wuƙa mai kyau ya aika wa maƙwabci ko suruki ko limamin unguwa, kuma in an yi yanka ba a mantawa da gidansa wajen rabon nama. Babu wanda ke kiran wannan musayar kyautar salla, amma ita ce.

A nan ne ya kamata a tsaya, domin a nan Baturen mai sha'awa da maƙerin Adar suka haɗu, duk da nisan da ke tsakanin aljihunsu. Dukansu biyu suna miƙa kayan aiki ga hannun da ya san aikin. A dubi yadda masassaƙi ke karɓar sabon gizago. Kafin ya yi godiya sai ya jinjina shi ya ji nauyinsa, ya duba yadda bakin ya karkata daga ƙota, domin in ya rufe da yawa zai riƙa tsalle a kan ice, in ya buɗe da yawa zai riƙa nutsewa ya ƙi fita. Ya ɗan ƙwanƙwasa ƙarfen ya saurari amonsa. Ya goga babban yatsa a gefen kaifin. Sa'an nan ya jawo guntun ice ya sara sau biyu ko uku, ya dubi ɓawon da ya fita. A cikin minti ɗaya ya san ko an ba ƙarfen ruwa daidai, ko zai dakushe kafin azahar, ko kuma ya yi tauri har zai ɓalle in ya gamu da gaɓa. Wanda ya ƙera shi yana tsaye, ya san ana karanta shi kamar yadda malami ke karanta takardar ɗalibi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wannan shi ne nauyin kyautar kayan aiki, kuma shi ya bambanta ta da turmin atamfa ko kwalbar turare. Mai ba da atamfa kuɗinsa ya nuna. Mai ba da gizagon da ya ƙera kuwa ya miƙa wuyansa ne ga kushe, kuma kushen ba zai ƙare ranar salla ba, zai ci gaba kowace safiya da aka ɗauki gizagon. Haka ma malamin makarantar nan na Amurka da ya aika wa baƙo gudumar itace: ya san wanda zai karɓa zai ga inda ƙota ta yi sako-sako, zai ga ko ya zaɓi icen da ya dace. Abin yabo a al'adarsu ke nan, kuma rashin adalci ne a kira shi ƙoshi kawai. Mutum ya sayi abin da ya fi nasa kyau a kanti ya fi masa sauƙi, amma ya zaɓi ya nuna iyakar iyawarsa ga wanda zai iya auna ta.

Yanzu a kwatanta wannan da abin da ya zama ruwan dare a bukukuwan makarantu da makon al'ada da tarbar manyan baƙi. Ana sa a sassaƙa ɗan turmi kamar kofin shayi, da ƴar fartanya mai tsawon tafin hannu, da gizago na gwangwani a manne a jikin katako, a shafa musu mai su yi ƙyalli, a naɗe a takarda mai walƙiya, a miƙa wa babban baƙo ana tafi. Baƙon ya karɓa da hannu biyu, a ɗauki hoto, direbansa ya kai mota. Ba za a taɓa daka komai a turmin ba. Gizagon ba shi da kaifi, kuma babu mai tambaya, domin ba wanda zai sara da shi. Masu shirya bikin sun yi da kyakkyawar niyya, sun kuma ce sun raya al'ada. Amma abin da suka koya wa ɗaliban da ke kallo shi ne cewa kayan aikin kakanninsu abin ado ne, abin da ya riga ya mutu aka yi masa mutum-mutumi. Sun kuma koya wa masassaƙin da aka ba kwangilar cewa aikin da ba a gwadawa ya fi aikin gaske kawo kuɗi. Wannan darasi na biyu ya fi na farko illa, domin hannu yana saurin koyon sakaci.

Ba a ce adanawa laifi ba ne. Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Bubu Hama, ya yi hikima da ya ba masu sana'a wurin zama a cikinsa suna aiki a gaban jama'a. Kuma tarihin Turai ma yana da nasa misalin mai ban tausayi. A watan Disamba na 1796 wani kafinta na garin Chatham a Ingila, Joseph Seaton, ya saya wa ɗansa Benjamin kayan aiki kusan 200 daga Landan, ɗan kuma ya ƙera musu akwati da hannunsa. Akwatin yana nan har yau a gidan tarihi na Rochester, masana na zuwa kallonsa, kuma dalilin da ya sa ya kai wannan zamani kusan cikakke shi ne da yawa daga kayan ba a yi aiki da su sosai ba. Ribar masu bincike ce. Amma gizagon da uba ya ba ɗansa a ƙauyen Tsarnawa ko Dogarawa ba zai taɓa shiga gidan tarihi ba, domin wasawa za ta cinye bakinsa, a sake masa ƙota sau uku, daga ƙarshe a mayar da guntun ƙarfen maƙera a yi basilla da shi. Cikin waɗannan kyaututtuka biyu, ta biyun ce ta isa inda aka aike ta.

Ba ado kaɗai ke kashe wannan musaya ba, kuma ba daidai ba ne a ɗora wa masu biki laifin da ya fi ƙarfinsu. Ƙarfe ya yi arha tun da aka daina narkar da tama aka koma ga tsofaffin ƙarafan mota, abin da babbar hanyar da ta ratsa Ƙonni da Malbaza ba ta rasa ba. Ice ne ya yi tsada. Farin 1973 da na 1984 da faɗaɗa gonaki sun cinye manyan itatuwa, ƙirya mai kaurin da zai ba da turmi ta zama abin nema, masassaƙa da yawa sun koma ga dogon yaro da duk abin da ya samu. Dokar gandun daji mai lamba 2004-040 ta 8 ga Yuni 2004 ta ɗora sharuɗɗa da izini kan saran itatuwa, kuma ko da yake hujjarta a fili take, ta sa masassaƙi yana tafiya daji da ɗar-ɗar. Injin niƙa ya rage wa turmi aiki, roba da kwanon ƙarfe sun kori akushi. Matashi kuwa yana ganin albasar Galmi da aikin rani a fadamar Ƙonni da masana'antar siminti ta Malbaza da fataucin kan iyaka, duk sun fi zaman gindin ice saurin kawo kuɗi. Babu mai iya ce masa ya yi kuskuren lissafi.

Akwai wata asara da malaman Hausa ne za su fi saurin gani. Kalma tana rayuwa ne muddin abin da take suna yana hannu. A tambayi ajin sakandare bambancin gatari da gizago, za a samu masu amsa. A tambayi mahuri da makankari, ko uwar maƙera da masaba, ko me ake nufi da a koɗa fartanya, za a ji shiru ya yi yawa, har a cikin ƴaƴan manoma. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a makarantun Nijar, kuma kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Ana ta ƙoƙarin ƙirƙiro kalmomin kimiyya da na mulki, abin a yaba. Sai dai abin mamaki ne a ga ana wahalar ƙera sabbin kalmomi a ofis, alhali tsofaffin kalmomin fasaha, waɗanda suka riga suka daidaita da bakin mutane, suna zubewa a bayan kasuwa ba mai tsinta.

Gaskiya ta tilasta a faɗi inda tsarin gida ya gaza na baƙi. Gado yana tsare sana'a, yana kuma rufe mata ƙofa. Ɗan malami ko ɗan ɗan kasuwa da hannunsa ke ƙaiƙayin sassaƙa ba shi da hanyar shiga, in ma ya shiga za a ce ya zubar da girman gidansu, kuma kowa ya san yadda batun sana'ar iyaye ke tasowa in an zo neman aure. Baturen mai sha'awa ba ya tambayar asalin wanda ƙuri'a ta ba shi. Faransa ma tana da tsohon tsarin ƴan koyo masu zagaya garuruwa daga mai gida zuwa mai gida, wanda UNESCO ta amince da shi a 2010, inda aikin hannun mutum ne ke ɗaukaka shi a gaban tsaransa. Inda gado ya yanke, don ɗa ya tafi Kwatanu ko Abija ko Libiya neman kuɗi, gizagon uba yana tsatsa a kusurwar ɗaki, alhali a gidan maƙwabci akwai yaron da zai so a ba shi.

Saboda haka, in ƙungiyoyin al'adu da malamai suna son ɗaukar wani abu daga waccan al'ada, watan Disamba da takarda mai walƙiya ba su ne abin ɗauka ba. Kuɗin da ake kashewa a kan ɗan turmin ado ya isa sayen gizago na gaske daga maƙerin gari, a farashinsa ba tare da tayi mai karya zuciya ba, a sa masassaƙin gari ya yi masa ƙota, a bayar da shi a jajibirin salla ga yaron da zai sara da shi, ko ɗan gado ne ko ba ɗan gado ba. Manhajar firamare ta daɗe da tanadin darasin aikin hannu, wanda malamai suka sani da APP, kuma a makarantu da yawa ya ƙare a sharar fili. Dattijon masassaƙi da aka gayyato aji da kayansa, ya sara ice a gaban yara yana kiran sunan kowane abu, ya ba da darasin Hausa da na kimiyya a sa'a ɗaya. Kuma ya kamata a biya shi kamar yadda ake biyan duk wanda aka gayyato ya koyar.

Sauran magana ta ice ce, domin ƙota ba ta fitowa daga kanti. A nan yankin yana da abin nunawa. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro masu tare iska a kwarin Majiya. A ƙarshen shekarun 1980 wasu manoman Illela suka je Yatenga a Burkina Faso suka ga yadda ake gina ƙananan ramuka ana zuba taki don tara ruwan sama, suka dawo suka yaɗa tassa a kan fako, ƙasar da aka fid da rai da ita ta sake ba da hatsi, itatuwa kuma suka tsiro a cikin ramukan daga irin da ke cikin takin. Ga kuma sassaben zamani, inda manomi ke barin tsiron kututture ya girma maimakon ya sare shi. Kalgo da sabara suna saurin dawowa, ba da daɗewa ba reshen kalgo ya isa ƙotar fartanya. Aduwa tana ɗaukar lokaci kafin ta ba da allo. Ƙirya kuwa ta fi su duka jinkiri: wadda manomi ya bari a gonarsa bana, ba shi zai ga turminta ba, kuma kafin ta yi kaurin da za a sare ta sai an samu wanda ya iya riƙe gizago a ƙauyen.